Adon Maganar Turanci: Ma'anarsa, Sigarsa da Wurin Faɗarsa

Shekarun baya wani ɗalibi da nake koya wa Turanci ya kawo mini wasiƙar ta'aziyya da ya rubuta wa wani malaminsa wanda mahaifinsa ya rasu, yana so in duba masa ita kafin ya miƙa. Rubutun ya yi tsabta, nahawun babu tangarɗa, amma a layi na biyu sai na ga ya ce ya yi baƙin cikin jin cewa dattijon ya "kicked the bucket". Yaron bai yi haka don raini ba. Ya haddace jerin maganganun azanci na Turanci saboda jarrabawar WAEC, an kuma koya masa cewa wannan magana tana nufin mutuwa, saboda haka ya ga babu wurin da ya fi dacewa da ita kamar wasiƙar ta'aziyya. Ma'anar da aka koya masa daidai ce. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a kunnen Bature wannan magana daidai take da Bahaushe ya shiga zaman makoki ya ce wa 'ya'yan mamaci ya ji labarin tsohonsu ya sheƙa barzahu. Tun daga ranar na gane cewa sanin ma'anar adon magana shi ne rabin aikin da ya fi sauƙi, rabin da ke ba da wuya kuwa shi ne sanin sigar da maganar ta daskare a kanta da kuma wurin da ake faɗarta.

Adon magana, wato abin da Turawa ke kira "idiom", jerin kalmomi ne da ma'anarsu a dunƙule ta sha bamban da ma'anar kowace kalma a ware. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin harshensa cike yake da irinsu, har ya daina jin su a matsayin ado. Wanda ya ci amana bai tauna komai ba, wanda ya sha kashi a zaɓe bai haɗiyi komai ba, kuma da likita zai buɗe cikin mai farin ciki ba zai tarar da wani fari ba. Baƙon da ya duba "fari" a ƙamus, ya duba "jini", ba zai taɓa kaiwa ga cewa farin jini yana nufin mutane suna son mutum ba. Haka Turanci yake. "Spill the beans" a zahiri zubar da wake ne, amma abin nufi shi ne fasa ƙwai, wato tona abin da ake ɓoyewa. "Beat about the bush" dukan gefen kurmi ne, abin nufi kuwa kewaye-kewaye a zance da ƙin fitowa fili. "Once in a blue moon" na nufin abin da ba kasafai yake faruwa ba, "a piece of cake" kuma abu mai sauƙi kamar shan ruwa. Adon magana ya ɗan bambanta da karin magana, domin shi karin magana cikakkiyar jimla ce mai ɗauke da hukunci kan rayuwa, shi kuwa wannan guntu ne da ake sakawa cikin jimla ya yi aikin fi'ili ko suna ko sifa, ko da yake a bakin masu magana iyakar ba ta cika fitowa sarai ba.

Dalilin da ya sa waɗannan maganganu ke yi wa mai koyo duhu shi ne, kowace ɗaya hoto ce da aka ɗauko daga rayuwar wasu mutane, kuma mai koyo yana karɓar kalmomin ba tare da ya ga hoton ba. Ingila ƙasa ce da ke kan tsibiri, ta kuma daɗe tana rayuwa da jiragen ruwa masu filafilai, shi ya sa harshenta ya cika da zancen teku. Sabon ma'aikaci da ke koyon yadda ake tafiyar da aiki ana cewa yana "learning the ropes", domin sabon matuƙi sai ya san igiyoyi masu ɗimbin yawa da ke riƙe da filafilan jirgi kafin ya zama mai amfani. "All hands on deck" kira ne ga dukan ma'aikatan jirgi su fito bisa dandamali lokacin haɗari, yanzu kuwa yana nufin aikin gayya da ba a ɗauke wa kowa ba. "Take the wind out of his sails" shi ne a tare wa jirgi iskar da ke tura shi, wato a sage wa mutum gwiwa. Mutumin Katsina ko Maraɗi da bai taɓa ganin jirgin filafilai ba yana iya haddace waɗannan duka, amma sai ya ga hoton ne suke zama masa a zuciya, kamar yadda Bature ba zai ji daɗin "ruwa kamar da bakin ƙwarya" ba sai ya ga mace tana tuttule ruwa daga faffaɗar ƙwarya.

Wata babbar maɓuɓɓuga ita ce littattafan da Turawa suka tashi da karatunsu. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, an yi ƙarnoni ana karanta ta da babbar murya a majami'u da gidaje, har jimlolinta suka shiga bakin wanda bai iya karatu ba. Daga littafin Ayuba aka sami "by the skin of my teeth", wato tsira da ƙyar da jiɓin goshi. Daga littafin Daniyel aka sami "the writing on the wall", labarin hannun da ya yi rubutu a bangon fadar sarkin Babila a daren da mulkinsa zai ƙare, shi ya sa wanda ya ga rubutun bango shi ne wanda ya hango alamun faɗuwa tun kafin ta zo. Kalmar "scapegoat" William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a fassararsa ta 1530 don bunsurun da Bani Isra'ila ke ɗora wa zunubansu su kora shi jeji, kuma yau ita ce sunan duk wanda aka ɗora wa laifin wasu, irin abin da muke kira barin jaki a daki taiki. Daga tatsuniyoyin Girka aka ɗauko "Achilles heel", diddigen jarumin da babu inda makami ke kama shi sai nan, wanda kalmarmu ta lago ta fassara shi tsaf. Daga tarihin Rum kuma aka sami "cross the Rubicon", domin a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, Julius Kaisar ya tsallaka wannan ƙaramin kogi na arewacin Italiya da rundunarsa, alhali doka ta hana kwamanda shiga ƙasar da sojoji, kuma daga wannan taku babu sauran komawa baya sai yaƙi. In an ce wani ya tsallaka Rubicon, bakin alƙalami ya bushe ke nan.

Amurka ta ƙara nata daga filin wasa da teburin caca. "Ballpark figure", wato ƙiyasi na kusa da gaskiya, da "touch base", wato tuntuɓar juna a taƙaice, duka daga wasan besbol suka fito, kamar yadda Ingila ta ɗauko "a sticky wicket", yanayi mai wuyar sha'ani, daga wasan kurket. A wasan karta na Amurkawa akwai wata alama da ake ajiyewa gaban wanda rabon kati ya faɗo kansa, ana kiranta "buck", wanda ba ya son ɗawainiyar sai ya tura ta gaba. Daga nan "pass the buck" ya zama tura wa wani alhakin da ke kanka. Shugaba Harry Truman, wanda ya mulki Amurka daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye wani ɗan allo a teburinsa mai cewa "the buck stops here", ma'ana daga kansa babu sauran wanda za a tura wa alhaki. Bambancin Turancin ƙasashen biyu yakan kai ga magana ɗaya ta ba da ma'anoni masu karo da juna. A majalisar Birtaniya, da majalisun da suka gaji tsarin maganarta irin ta Nijeriya, "to table a motion" shi ne gabatar da ƙuduri don a tattauna shi, a majalisar Amurka kuwa shi ne jingine ƙuduri a daina zancensa. Winston Churchill ya ba da labarin yadda hafsoshin ƙasashen biyu suka yi doguwar gardama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kan wata takarda, 'yan Birtaniya na cewa a yi mata "table", Amurkawa na ƙi da ƙarfi saboda muhimmancinta, kafin su gano cewa abu ɗaya suke so. Idan masu harshen da kansu suna faɗawa wannan rami, mai fassara labarin majalisar Amurka zuwa Hausa ya kamata ya tsaya ya duba sau biyu.

Akwai hattara ɗaya game da asali. Labarai masu daɗi suna yawo a intanet, kamar cewa "raining cats and dogs", wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya samo asali ne daga kuliyoyi da karnukan da ke kwana a rufin ciyawa suna sulluɓowa in an yi ruwa mai ƙarfi, ko cewa "rule of thumb", wato ƙa'idar aiki ta kintace da sabo, ya fito daga wata doka da ta halatta wa miji dukan matarsa da sanda mai kaurin babban yatsa. Masana tarihin kalmomi sun bincika ba su sami hujjar ko ɗaya ba. Abin da ya tabbata shi ne Jonathan Swift ya rubuta zancen ruwan kuliyoyi da karnuka a 1738, cikin wani littafi da yake kwaikwayon maganganun da suka riga suka gaji a bakin masu hannu da shuni na zamaninsa.

Batun siga shi ne inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe ba tare da sun sani ba. Adon magana daskararre ne, ba ya yarda a musanya kalmarsa da 'yar uwarta ko da ma'anarsu ɗaya. Ciki da tumbi kusan abu ɗaya ne, amma wanda ya ce yana farin tumbi babu Bahaushen da zai gane murna yake nufi. Haka nan "kick the pail" ba ya nufin mutuwa ko da yake "pail" ma bokiti ne, kuma in aka juya jimlar aka ce "the bucket was kicked" ma'anar ta tashi, sai bokiti na gaske da wani ya shura. Wasu sun fi sassauci, domin ana iya cewa "the beans were spilled" ma'anar ta zauna, kuma babu wata ƙa'ida guda da za ta gaya wa mai koyo wanne ne ke lanƙwasuwa, sai yawan ji da yawan karatu. Ƙananan kalmomi ma suna da nauyi: "on the cards" ake cewa a Birtaniya, "in the cards" a Amurka, don abin da ake sa ran faruwarsa.

A Nijeriya wasu daga cikin waɗannan maganganu sun sake siga sun zauna da sabuwar. Bature yana cewa "more power to your elbow" don jinjina wa mai ƙoƙari, mu kuwa "more grease to your elbow" muke ji a kowane taron yaye ɗalibai. Shi yana cewa "cut your coat according to your cloth", mu mun mai da ƙarshen "according to your size". Shi yana cewa gara shaiɗanin da ka sani da shaiɗanin da ba ka sani ba, mu mun mai da na biyun mala'ika. Ra'ayina a kan waɗannan ya kasu. Ban ga dalilin da za a kira su kuskure a hirar 'yan ƙasa ba, domin harshen da miliyoyin mutane suka riƙa fiye da ƙarni guda yana da haƙƙin ya yi rassa, kuma sigar mala'ikan ta ma fi ta asali kaifi, tunda tana cewa sabo ya fi alkawarin alheri ma. Amma ta riga da yadi ta yi asara a hanya. Hikimar maganar ita ce mutum ya ɗinka daidai yadin da yake da shi, wato ya yi daidai ruwa daidai tsaki. Da aka sa girman jiki a maimakon yadi, zancen ƙarancin abin hannu ya fita, domin kowane tela daidai jiki yake yanka. Ɗalibi ya kamata ya san sigogin biyu, ya san cewa mai duba takardar jarrabawa da mai karatu a ƙasar waje sigar asali suke tsammani.

Sai wurin faɗa, wanda shi ne abin da ya kayar da ɗalibina. Hausa tana da matakala ta zancen mutuwa da kowane yaro ya sani ba tare da an zaunar da shi ba. Dattijo ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko ya kwanta dama. Dabba mutuwa take yi. Ɗan fashin da aka harbe shi ake cewa ya sheƙa barzahu. Turanci ma yana da tasa matakalar: "passed away" ita ce ta ladabi da ta'aziyya, "died" ita ce ta labarai da takardun hukuma, kuma ba ta da kaushin da "ya mutu" ke da shi a kunnenmu, "kicked the bucket" kuwa ta raha ce tsakanin abokai. Tun farkon shigarta littafi a haka take, domin Francis Grose ya sa ta a ƙamus ɗinsa na kalmomin 'yan tasha da 'yan iska a 1785. Jerin da ake ba ɗalibai su haddace yakan jera waɗannan uku a layi ɗaya da ma'ana ɗaya, wannan kuwa zalunci ne ga yaro, domin an ba shi wuƙa ba a nuna masa ɓangaren kaifi ba.

Wurin faɗa ya haɗa da sana'a da zamani da matsayin mai magana. "Break a leg" fatan alheri ne, amma na 'yan wasan kwaikwayo ne, waɗanda ke camfa yi wa juna fatan sa'a a fili kafin hawa dandali, kuma ba a faɗa wa mai shirin tafiya ko mai shiga ɗakin tiyata. "Pull your socks up", wato a zage damtse, babba ne ke faɗa wa ƙarami, ƙaramin ma'aikaci da ya faɗa wa shugabansa ya yi rashin kunya. Shi kuwa ruwan kuliyoyi da karnuka, wanda kusan shi ne adon magana na farko da ake koya wa kowane ɗalibi, mutanen Ingila na yau ba su cika faɗarsa ba, "it's pouring" suka fi cewa. Akwai kuma batun yawa. Ɗalibanmu da yawa sun ɗauka cewa cusa adon magana biyar a sakin layi ɗaya shi ne alamar ƙwarewa, alhali a rubutun Turanci na ilimi da na ofis ana ɗaukar yawansu a matsayin rauni, domin magana ce da kowa ya riga ya faɗa. Mu a wajenmu mai jero karin magana gwani ne, a wajensu kuwa editan jarida yakan soke su da jan alƙalami. Wannan bambancin ɗabi'ar harsuna ne da ya kamata malami ya faɗa a sarari.

Tarko mafi haɗari ga Bahaushe shi ne maganganun da suka yi kama da namu a ido alhali sun saɓa a ma'ana. "Pull someone's leg" in aka bi kalmomin jan ƙafa ne, amma abin nufi zolaya ce. Jan ƙafa irin namu, wato jinkiri da gangan, "drag one's feet" ne a Turanci. "Bad blood" gaba ce tsakanin mutum biyu, ba shi ne baƙin jini ba, wanda ke nufin mutane ba sa son mutum. "The long arm of the law" na nuna cewa hukuma tana kamo mai laifi duk inda ya shiga, alhali mai dogon hannu a wajenmu ɓarawo ne. A wasu wuraren kuwa harsunan biyu sun haɗu kamar an shirya. "Bury the hatchet", wanda ya fito daga al'adar wasu ƙabilun asalin Amurka ta Arewa ta binne gatarin yaƙi in an yi sulhu, shi ne mai da wuƙa kube. "Eat one's words" shi ne lashe amai. "A bird in the hand is worth two in the bush" shi ne ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, "once bitten, twice shy" kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ga fuskar ɗalibai tana haske in an haɗa musu irin waɗannan, domin nan take suke gane ma'anar da nauyin maganar da wurin da ta dace, abin da bayanin ƙamus na layi uku ba ya ba su.

Wannan ya kawo ni ga masu fassara labarai zuwa Hausa, waɗanda aikinsu na gaggawa ne, kuma abin da suka faɗa yau shi yara za su maimaita gobe. Idan aka fassara "the tip of the iceberg" da kan dutsen ƙanƙara, mai sauraro a Gumel ko Damagaram bai ƙaru da komai ba, alhali somin taɓi yana nan kusa. Idan aka ce akwai giwa a cikin ɗaki, don "the elephant in the room", an bar shi yana neman giwa, alhali abin nufi shi ne babbar matsalar da kowa ke gani amma aka yi gum a kanta. Wani lokaci babu takwara a shirye, sai mai fassara ya nemo hoton da zai yi aiki iri ɗaya. "Carry coals to Newcastle" na nufin kai abu inda ya fi yawa, domin garin Newcastle na arewa maso gabashin Ingila ya yi ƙarnoni yana fitar da kwal zuwa Landan, kuma Bahaushen da aka ce masa wani ya yi lodin goro ya nufi Gwanja, ko ya ɗauki gishiri ya nufi Bilma, ya gane zancen ba tare da ya san inda Newcastle take ba.

Akwai kuma waɗanda suka cancanci a shigo da su da hotonsu, in an yi musu bayani sau ɗaya. "White elephant" na cikinsu. A ƙasar Siyam, wadda yanzu ake kira Tailan, farar giwa dabba ce mai alfarma da ba a sa ta aiki, kuma ana ba da labarin cewa sarki yakan ba bafaden da yake fushi da shi kyautarta, ya bar shi da ciyar da abin da ba zai iya sayarwa ko yankawa ko mora ba har ya talauce. Jaridun Nijeriya sun daɗe suna kiran masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da ke jihar Kogi da wannan suna, aikin da aka soma a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka narka masa dukiya mai yawa, ana biyan ma'aikatansa albashi shekara da shekaru, amma bai kai ga sarrafa ƙarfen da aka gina shi dominsa ba. Kalmar asara ba ta ɗauki wannan duka ba, domin asara takan auku sau ɗaya a wuce wurin, ita kuwa farar giwa kullum gari ya waye sai an kai mata harawa.